Yadda Ake Sarrafa Kukis a Waya da Kwamfuta: Wanda Za Ka Bari, Wanda Za Ka Toshe, da Wanda Za Ka Goge

Kusan duk shafin intanet da za ka buɗe a yau, kafin ka karanta layi ɗaya, sai wani akwati ya taso daga ƙasa ya tare rabin fuskar wayar, yana neman amincewarka a kan kukis, wato 'yan gajerun bayanan da shafuka ke ajiyewa a wayarka ko kwamfutarka. Yawancinmu ba ma tsayawa mu karanta. Hannu kawai ke kaiwa kan maɓalli mai launi, a latsa, a wuce. Wasu kuma sun ji an ce kukis leƙen asiri ne, sai su shiga saitin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, su toshe komai da komai, washegari su kasa shiga imel ɗinsu, su ce waya ta lalace. Duka biyun ba hanya ba ce, domin kukis ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda shi ne shaidar cewa kai ne ka shiga asusunka, wannan tsare shi ake yi. Akwai wanda aikinsa bin sawunka daga wannan shafi zuwa wancan, wannan toshewa ta kamace shi. Akwai kuma wanda ba ruwansa da kowa, harshen da ka zaɓa kawai yake riƙewa. Da zarar ka iya bambance su, abin da ya rage latse-latse ne na 'yan mintuna.

Abin da ke faruwa a bayan fage

Tsarin da shafukan intanet ke tafiya a kansa, wanda ake kira HTTP, ba shi da ƙwaƙwalwar tuna mutum. Duk lokacin da ka latsa wani abu, burauzarka tana aika sabuwar buƙata zuwa sabar shafin, wato babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ita kuma tana amsawa kamar yau ta fara ganinka. Da a haka aka bar abin, da duk shafin da ka juya a Facebook sai ka sake rubuta kalmar sirri, kuma kayan da ka zaɓa a kantin intanet za su ɓace kafin ka kai wurin biya. Wannan matsala ce wani injiniya mai suna Lou Montulli ya warware a shekarar 1994, lokacin yana aiki da kamfanin Netscape a Amurka.

Dabarar ta yi kama da abin da ake yi a wurin ajiyar babura a bakin kasuwa. Ka kawo babur ɗinka, mai gadi ya ba ka ɗan kati mai lamba. Ba lallai ya riƙe fuskarka ba. Ka dawo ka miƙa kati, ya duba lamba, ya ba ka abinka. Kuki ɗan gajeren rubutu ne da shafi ke miƙa wa burauzarka ta ajiye, duk sanda ka koma wannan shafin sai ta nuna shi, shafin ya ce "na gane, wane ne". A riƙe ɗaya ɓangaren misalin da kyau: duk wanda ya zo da katin, shi za a ba babur.

Kuki ba manhaja ba ce. Ba ya iya buɗe hotunanka, ba ya karanta saƙonninka, ba ya kunna kyamara, kuma ba ƙwayar cutar kwamfuta ba ne. Girmansa bai wuce kusan kilobayit 4 ba, ko ƙaramin hoto ɗaya ya ninka shi sau da yawa. Abin da ke cikinsa suna ne, da wata lamba ko jerin haruffa, da sunan shafin da ya mallake shi, da ranar da zai mutu. Wani yana mutuwa ne da zarar ka rufe burauza. Wani kuma an rubuta masa wa'adi, kwana talatin ko shekara guda. Tun 2022 Chrome ta ƙayyade cewa wa'adin kuki ba zai wuce kwana 400 ba, amma shafin na iya sabunta shi duk ranar da ka sake leƙawa.

Inda magana take shi ne wa ya ajiye kukin. Idan shafin da ka buɗe da hannunka ne, wanda adireshinsa ke sama, wannan kukin mai gida ne. Amma shafi ɗaya yakan ɗauko abubuwa daga wurare da dama: talla daga wani kamfani, bidiyo daga YouTube, maɓallin yaɗawa daga wani dandalin sada zumunta. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya ajiye nasa kukin alhali ba ka taɓa ziyartarsa ba. Su ne kukis na ɓangare na uku. Kamfanin talla guda yana iya kasancewa a dubban shafuka, to duk inda ka je ya sake cin karo da lambar da ya ba ka. A hankali sai ya tara bayani: mai wannan lamba yana karanta labarin ƙwallo da safe, ya duba farashin waya jiya, ya nemi maganin hawan jini shekaranjiya. Shi ya sa takalmin da ka duba sau ɗaya yake ta binka har cikin shafin labarai. Maganar ciwo da bashi da abin da mutum ke nema cikin dare ba abu ne da ya kamata a tara a hannun wanda bai sani ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa na ɗauki batun da muhimmanci.

Mataki na farko: ka gani da idonka

Kafin ka goge komai, yana da kyau ka ga abin. A Chrome ta wayar Android, buɗe kowane shafi, ka latsa ƙaramar alamar da ke hagun adireshi. Za ka ga Cookies and site data. A nan za ta nuna maka ko an bar kukis na ɓangare na uku a wannan shafi, da kuma hanyar goge abin da shafin ya ajiye.

A kwamfuta an fi ganin abin filla-filla. Buɗe shafin labarai a Chrome, latsa F12, zaɓi Application a saman akwatin da ya buɗe, sannan Cookies a gefen hagu. Tebur zai fito. Duba layin sunaye. Akwai yiwuwar ka ga wani mai suna _ga, wannan na Google Analytics ne, da shi mai shafi ke ƙirga baƙinsa da sanin wanda ya dawo. Idan ka ga _fbp, na Meta ne, kamfanin da ya mallaki Facebook, kuma na auna talla ne. Wanda sunansa ya ƙunshi session ko sid, galibi shi ne katin shigarka. Matsa dama za ka ga ranar mutuwar kowanne, da wasu gurabe biyu masu suna Secure da HttpOnly. Na farko yana nufin ba za a aika kukin ba sai ta hanya mai kariya, wato adireshin da ya fara da https. Na biyu yana hana ƙananan manhajojin da ke gudana cikin shafin karanta shi. Kada ka taɓa kwafe abin da ke cikin wannan tebur ka tura wa wani, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne ko mai gyaran asusu.

Mataki na biyu: yadda za ka amsa wa akwatin amincewa

Wannan akwati ba don ladabi aka sa shi ba, doka ce ta tilasta. Tarayyar Turai ta gyara dokarta ta sirrin sadarwa a 2009, ta ce sai an nemi izinin mutum kafin a ajiye masa kukin da ba dole ba ne. Dokarta ta kare bayanai, GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018 ta ƙara tsaurara ma'anar izinin. A 2019 kotun Tarayyar ta yanke cewa akwatin da aka riga aka sa wa alamar amincewa ba izini ba ne. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, saboda amincewa latsawa ɗaya ce amma ƙi sai an sha zagaye. A Najeriya ma, Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta ce shirun mutum ba amincewa ba ne, kuma yana da damar janye izininsa duk lokacin da ya so. Saboda haka ƙin amincewa haƙƙinka ne, ba alfarma kake roƙo ba.

Ga yadda za ka yi. Idan ka ga Reject all, ko Necessary only, latsa shi, magana ta ƙare. Masu waya da Faransanci, kamar 'yan'uwa a Nijar da Kamaru da Chadi, za su ga Tout refuser ko Continuer sans accepter. Wannan na biyun sau da yawa ana rubuta shi da ƙananan haruffa can a kusurwar sama, sai an lura.

Idan babu maɓallin ƙi a fili, latsa Manage options ko Customise ko Settings. Jerin rukuni zai fito. Na farko shi ne Strictly necessary, ba ya kashuwa, kuma ba laifi, domin da shi shafin ke aiki. Sai Functional ko Preferences, masu riƙe harshe da girman rubutu, ka bar su in kana so. Sai Analytics ko Performance, na ƙididdigar baƙi. Sai Advertising ko Targeting ko Marketing, waɗannan ka kashe su duka. Kada ka yi saurin fita. Duba ko akwai wani sashe mai suna Legitimate interest. A nan wasu shafuka ke barin maɓallai a kunne bayan ka kashe na farko, da hujjar cewa kamfanonin suna da halastacciyar buƙata. Idan akwai Object all, latsa shi. In ka buɗe jerin da aka kira Vendors ko Partners, za ka iya tarar da sunayen kamfanoni ɗaruruwa, waɗanda duk Accept all ɗaya ke buɗe wa ƙofa. A ƙarshe ka nemi Save choices ko Confirm my choices. A kula a nan, domin maɓallin da ya fi girma da haske a ƙasan wannan shafi yawanci Accept all ne, an ajiye shi daidai inda babban yatsa ke sauka.

Wani abu da ke rikita mutane: zaɓin da ka yi, shi ma a cikin kuki ake ajiye shi. Ranar da ka goge kukis, akwatin zai dawo ya sake tambayarka. Ba yaudara ba ce, shafin ne ya manta da kai.

Mataki na uku: toshe na ɓangare na uku gaba ɗaya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma sau ɗaya ake yin sa. Maimakon ka dogara da gaskiyar kowane shafi, burauzar ce da kanta za ta ƙi karɓa.

A Chrome ta Android:

1. Latsa ɗigo uku da ke kusurwar sama ta dama.
2. Zaɓi Settings, sannan Privacy and security.
3. Latsa Third-party cookies. A wasu wayoyin yana ƙarƙashin Site settings.
4. Zaɓi Block third-party cookies.

A kwamfuta, rubuta chrome://settings/cookies a wurin adireshi, zai kai ka kai tsaye. Dole ne ka yi wannan da hannunka, domin Chrome ba ta toshe su da kanta a shiga ta yau da kullum. A Janairun 2020 Google ya yi alkawarin kawar da su cikin shekara biyu, ya yi ta ɗage ranar, daga baya a Yulin 2024 ya sanar cewa ya fasa. Ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa mafi yawan kuɗin shigar kamfanin daga talla yake fitowa.

Masu iPhone an riga an yi musu rabin aiki, don Safari tana toshe irin waɗannan kukis tun Maris 2020. Ka dai tabbatar: shiga Settings, nemi Safari, a sababbin wayoyi tana cikin Apps, ka ga cewa Prevent Cross-Site Tracking a kunne yake. Firefox ma ta fara toshe masu bin sawu da kanta tun 2019, kuma daga 2022 ta koma ware wa kowane shafi nasa ma'ajin, ta yadda kukin da aka ajiye a wani shafi ba zai yi aiki a wani ba. A Samsung Internet, nemi Smart anti-tracking a sashen sirri ka kunna. Sauran burauzoji, irin su Opera da waɗanda ke zuwa da wayoyin Tecno da Infinix da itel, ka duba sashen Privacy ko Site settings. Sunayen sukan ɗan sauya daga wannan sabuntawa zuwa waccan, to idan saitin yana da wurin bincike, rubuta cookies kawai.

Abin da ba na ba kowa shawara shi ne Block all cookies. Wannan yana toshe har da na mai gida. Ba za ka iya shiga imel ba, ba za ka iya cike fom ɗin makaranta ba, shafin banki zai yi ta mayar da kai farko.

Wani lokaci bayan ka toshe na ɓangare na uku, wani shafi zai ƙi aiki yadda ya kamata. An fi ganin haka a wurin biyan kuɗi da ke buɗewa a cikin wani shafin, ko inda ake shiga da asusun wani dandali. Kada ka buɗe wa kowa ƙofa saboda shafi ɗaya. Latsa alamar da ke hagun adireshi, shiga Cookies and site data, ka kunna izini ga wannan shafi kaɗai. Ka gama abin da ya kawo ka, ka mayar da shi yadda yake.

Mataki na huɗu: gogewa, da lokacin da ta dace

Gogewa iri biyu ce, kuma an fi bukatar ƙaramar. Idan shafi ɗaya ne ke ba ka wahala, yana cewa kalmar sirrinka ba daidai ba alhali daidai take, ko yana ta juyawa ba ya buɗewa, ko yana nuna maka bayanin wanda ya shiga kafin kai, to nasa kaɗai za ka goge. A Chrome: Settings, Site settings, All sites, nemi sunan shafin, latsa alamar kwandon shara. A iPhone: Settings, Safari, Advanced, Website Data, ja sunan shafin zuwa hagu ka goge. Wannan ya wadatar a mafi yawan lokuta, kuma sauran asusunka ba za su taɓu ba.

Babbar gogewa kuwa tana fitar da kai daga kusan duk shafin da ka shiga. Kafin ka yi ta, tsaya ka tambayi kanka: ina tuna kalmomin sirrina? Layin da na yi rajista da shi yana hannuna, yana karɓar saƙo? Mutane da yawa sun shekara ba su rubuta kalmar sirrinsu ba, kukin ne ke riƙe da su, ga layin ya ɓace ko an rufe shi. Irin wannan mutum idan ya goge komai, ya kulle kansa a waje. Fara gyara wannan tukuna.

In ka shirya, a Chrome ta waya latsa ɗigo uku, zaɓi Delete browsing data, tsofaffin wayoyi suna rubuta Clear browsing data. A kwamfuta, danna Ctrl da Shift da Delete tare, wannan yana aiki a Chrome da Firefox da Edge. Zaɓi tsawon lokaci, daga mintuna 15 ko awa ɗaya da ta wuce har zuwa All time. Sannan ka duba akwatunan da kyau, don abubuwa ne daban-daban:

Browsing history shi ne jerin shafukan da ka ziyarta. Cookies and site data shi ne abin da muke magana a kai. Cached images and files kuwa hotuna ne da fayilolin da burauza ta adana don kada ta sake sauke su. Idan ka goge wannan, shafukan da ka saba buɗewa za su sake sauko da komai, datarka ce za ta biya. Ga mai lallaɓa data, a bar shi sai in wuri ne ya cika a waya. Akwatin Saved passwords kuma, in akwai shi, kada hannunka ya kai kansa sai da niyya.

Idan ka shiga Chrome ɗin kanta da asusun Google, gogewar ba za ta fitar da kai daga Google ba, ita ma takan rubuta hakan a ƙasa. A iPhone, Clear History and Website Data yana haɗa tarihi da kukis ya share tare. Wanda kuma yake son kwamfutarsa ta riƙa share kukis da kanta duk sanda ya rufe, Firefox tana da akwati a Privacy & Security mai cewa Delete cookies and site data when Firefox is closed.

Ba na ganin amfanin goge kukis kullum ga wanda ya riga ya toshe na ɓangare na uku. Wahala ce kawai, ga sake rubuta kalmar sirri a kai a kai, wani lokaci a gaban mutane.

Mataki na biyar: na'urar da ba taka ba

A nan ne aka fi yin asara, kuma ba kamfanin talla ke jawo ta ba. Ɗalibi ya je shagon kwamfuta buga takardar jarrabawa ko cike fom ɗin neman aiki. Ya shiga imel ɗinsa don ɗauko lambar da aka turo. An buga takarda, ya biya, ya latsa alamar X a kusurwa, ya tashi. Na bayansa ya zauna, ya buɗe burauza, ya rubuta adireshin imel ɗin nan, sai ga akwatin saƙon ɗalibin a buɗe, da hoton fasfo ɗinsa da takardunsa da komai. Ba a saci kalmar sirri ba, ba a buƙace ta ba ma. Katin ne aka bari a kan tebur. Haka abin yake ga wanda ya ari wayar aboki, ko ya kai tasa wurin mai gyara, ko ya sayar da ita bai share ba.

Rufe shafi daban, fita daga asusu daban. Idan ka latsa Log out ko Sign out, galibi shafin yana soke kukin daga wurinsa, ko an same shi daga baya ba zai yi aiki ba. To ga tsarin da za ka bi a kan kowace na'urar da ba taka ba:

1. Buɗe tagar sirri kafin ka rubuta komai. A Chrome da Edge, Ctrl da Shift da N. A Firefox, Ctrl da Shift da P. A waya, ɗigo uku, New Incognito tab.
2. Kada ka sa alama a Remember me ko Keep me signed in. Idan burauza ta tambaya ko ta adana kalmar sirri, zaɓi Never.
3. Da ka gama, latsa Log out da hannunka.
4. Rufe duk tagogin sirrin, ba ɗaya kawai ba. Kukis ɗin ba sa gogewa sai an rufe na ƙarshe.
5. Duba babban fayil na Downloads, ka goge takardun da ka sauke, ka kuma share su daga kwandon shara. Tagar sirri ba ta taɓa waɗannan.

Idan mai shagon ne ke latsa maka, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Malam, don Allah a fitar min da asusuna kafin in tashi." Ka tsaya har ka ga shafin shiga ya dawo babu sunanka.

A san iyakar tagar sirri. Tana hana na'urar riƙe tarihi da kukis bayan an rufe, shi ke nan. Kamfanin layinka, da mai Wi-Fi ɗin da kake kai, da shafin da ka shiga, duk suna iya sanin ka zo. Kuma idan an dasa wa kwamfutar manhajar da ke naɗar abin da ake rubutawa, tagar sirri ba za ta cece ka ba. Saboda haka harkar banki a bar ta a wayar kai.

In kuwa ka riga ka baro wurin sannan ka tuna, ba sai ka koma ba. Daga wayarka shiga myaccount.google.com, zaɓi Security, sannan Your devices. Za ka ga duk na'urar da asusunka ke buɗe a kanta, latsa wadda ba ka gane ba, ka zaɓi Sign out. A Facebook da Instagram, shiga Accounts Centre, Password and security, Where you're logged in. A WhatsApp, duba Linked devices. Bayan haka ka sauya kalmar sirri. Yana da kyau ka riƙa leƙa waɗannan wurare lokaci-lokaci ko ba abin da ya faru.

Satar kuki

Akwai mugayen manhajoji da aikinsu shi ne kwashe kukis ɗin shiga daga burauza su aika wa ɓarawo. Galibi suna shigowa ne ta manhajar sayarwa da aka fasa kullenta ake rabawa kyauta, ko fayil da aka turo da sunan takardar kwangila, ko ƙarin burauza na bogi, wato ƙaramar manhajar da ake liƙa wa burauza don ƙara mata aiki. Haɗarin shi ne wanda ya sami kukin yana iya shiga ba tare da an tambaye shi lambar tabbatarwa ta biyu ba, tunda a wurin shafin an riga an tabbatar. Ta haka ake ƙwace shafukan Facebook da tashoshin YouTube na masu sana'a. Matsalar tsohuwa ce: a 2010 wani ɗan ƙarin Firefox mai suna Firesheep ya nuna yadda ake tsintar kukis ɗin mutane a Wi-Fi na jama'a, abin da ya taimaka wajen tura manyan shafuka komawa https gaba ɗaya. Yau hanyar ta koma ta cikin na'urar kanta. Kada ka sauke manhaja daga inda ba ka yarda da shi ba, ka cire duk ƙarin burauzar da ba ka amfani da shi, ka kuma bar burauzar ta riƙa sabunta kanta. Idan ka ga alamar an shiga asusunka, fara da fitar da dukkan na'urori da sauya kalmar sirri daga wata na'ura mai tsabta, sannan a wanke wadda ake zargi. In ka sauya a kan mai cutar, sabuwar ma za a ɗauke.

Abin da saitin kukis bai kai gare shi ba

Idan ka latsa mahaɗi a cikin manhajar Facebook ko Instagram, shafin yakan buɗe ne a ƙaramar burauzar da ke cikin manhajar, mai nata ma'ajin daban. Abin da ka saita a Chrome ko Safari bai shafe ta ba. Latsa ɗigo uku a kusurwa ka zaɓi buɗewa a burauzar waje, musamman idan za ka rubuta kalmar sirri ko bayanin kati.

Manhajojin waya kuma ba da kukis suka fi bin mutum ba. Suna amfani da lambar talla da ke cikin wayar. A Android, shiga Settings, Google, nemi Ads, ka zaɓi Delete advertising ID. A iPhone, Settings, Privacy & Security, Tracking, ka kashe Allow Apps to Request to Track. Akwai kuma shafukan da ke gane na'ura ta haɗa siffofinta, irin girman fuska da nau'in waya da harshe da agogon yanki. Goge kukis ba ya taɓa wannan, sai dai Firefox da Safari da Brave suna da kariyar da ke rage shi. Sannan duk inda ka shiga da sunanka, mai shafin ya san kai ne, ko da kuki ko babu. Don rage abin da Google ke tarawa a kanka, shiga myaccount.google.com, Data & privacy, ka duba Web & App Activity. A nan za ka iya dakatar da shi, ko ka sa ya riƙa goge kansa bayan wata 3, ko 18, ko 36.